Azumin Da Muka Ɗana Wa Garba Tarkon Haske

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke ba a Kaduna. Wankin da aka shanya tun ranar Talata har yanzu yana ɗiga, ɗaki ya ɗauki warin danshi, gishiri ya jiƙe a cikin gwangwaninsa. Ina azumin Alhamis, ina zaune ina jiran magariba, sai 'yata Hauwa ta shigo tana fama da rimot ɗin talabijin, wai ba ta sani ba ko batir ne ya mutu ko shi ne ya lalace. Ta ɗauko wayarta ta buɗe kyamara, ta saita kan rimot ɗin, ta danna. Ta ce, "Inna, kin gani, da ransa."

Na leƙa. A fuskar wayar ga wani ɗan haske shunayya yana ƙiftawa, a kan rimot ɗin kuwa babu komai. Na karɓa na yi ta dannawa har ta gaji ta bar mini. Shekara arba'in da ɗoriya da na san hasken nan, na ci yunwa a kansa, na tona wa mutum asiri da shi, amma ban taɓa sa shi a ido ba sai ran nan. Ita Hauwa tana goye a bayana aka yi abin, ba ta san komai ba.

A ƙarshen shekarun saba'in ne, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina. Muna haya a Unguwar Shanu, gida mai ɗaki shida, madafa ɗaya, rijiya ɗaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, Sule mai rediyo ake ce masa, ni kuwa Malam nake kiransa. Yana aiki a shagon wani Alhaji Mudi mai sayar da rediyo da garmaho da batir, shi ne babban mai gyara. Ɗakin da ke kallon namu na Garba ne da matarsa Ladi. Shi da Malam tare suka koyi sana'a, tare Alhaji ya ɗauke su, sai dai Garba a wajen sayarwa da kula da kaya yake.

Malam yana da wani abu da ba kowa ya sani ba. Idonsa ba ya raba wasu launuka. Ja da kore da ruwan ƙasa duk kusan ɗaya suke a wurinsa, ruwan ƙasa mai duhu kuwa baƙi yake ganinsa. Ga manomi wannan ba komai ba ne, ga mai gyaran rediyo masifa ce. Akwai wani ɗan abu a cikin rediyo, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da waya ta kowane gefe, ana ce masa rasista. Aikinsa rage ƙarfin wuta, kamar yadda mai lambu yake tsuke bakin kwari don kada ruwa ya kwashe shuka. Ba a rubuta nauyinsa da lamba, da zoben launi ake zana shi. Wanda bai ga launi ba, bai san abin da ya ɗauka ba.

Kafin aurenmu Garba ne yake karanta masa. Bayan an kawo ni sai aikin ya dawo hannuna. Ni 'yar malami ce, Baba yana da makarantar allo a Badarawa, kuma tun ina ƙarama nake zama kusa da shi idan an zo rabon gado, har na iya lissafin sudusi da sumuni kafin in iya tuƙa tuwo. Cikin mako guda na haddace launukan nan goma da lambobinsu. Na tara gwangwanayen madara, na wanke, na liƙa wa kowanne takarda da ajami, na ware masa rasista iri-iri. Ya kai su shago ya jera. Shekara huɗu yana sa hannu ya ɗauka ba tare da ya duba ba, bai taɓa kuskure ba.

Saura kwana goma azumi, wani babban ma'aikaci daga Unguwar Rimi ya kawo rediyonsa mai haɗe da garmaho, irin mai tsawon gado. Malam ya gyara. Mai kaya ya zo karɓa, aka kunna a gabansa da gaban Alhaji, faifai ya fara juyawa, sai hayaƙi ya tashi ta baya. Abin da aka gyara da wanda ba a taɓa ba duk suka ƙone. Ana tsaye cirko-cirko, Garba ya ce, cikin murya mai taushi kamar mai roƙa masa afuwa, "Ranka ya daɗe, a yi masa haƙuri, ba laifinsa ba ne. Ja da kore duk ɗaya ne a wurinsa."

Alhaji ya ɗauko waya biyu ya miƙa wa Malam, ya ce ya nuna masa ja. A gaban masu ciniki, a gaban 'yan dako. Malam ya nuna kore.

Da la'asar ya dawo gida da gwangwanayensa a cikin buhu. Ya kwanta ya juya fuska bango. Na zazzage su a kan faifai ɗaya bayan ɗaya. Takarduna suna nan yadda na liƙa su, da rubutun hannuna, amma an juye na wannan a cikin wancan. Gwangwani biyar aka yi wa haka. A duk garin Kaduna mutum ɗaya ne bayan mu ya san amfanin gwangwanayen nan.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na haɗiye. Amma ashe an daɗe kaya suna ɓacewa a ɗakin ajiyar Alhaji da ke bayan gidansa a Badarawa, kuma Malam ya fara tambayar Garba inda wasu kwalaye suka shiga. Bayan korar, kaya ba su daina ɓacewa ba. Alhaji ya karɓe makullin kowa ya bar guda a aljihunsa, duk da haka aka ci gaba. Sai zance ya bazu cewa Sule mai rediyo ya sassaƙa makulli kafin ya tafi. Ba sai an gaya mini bakin da ya fara faɗa ba.

Haka azumi ya same mu. Watan da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Babu mai kawo wa makahon launi rediyonsa, balle wanda ake cewa ɓarawo. Ruwa kuwa kullum, sama ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, wani lokaci a kwana biyu ba a ga rana ba. Lambatu ya cika ya shigo zaure, laka har idon sawu, sauro da rana tsaka. Rufin kwanonmu yana zuba wuri huɗu, na san kowane wuri da kwanon da ake tara masa. Itace jiƙaƙƙe, sai in durƙusa ina hura wuta hayaƙi yana cin idona, ga Hauwa a baya tana neman nono, nonon kuwa babu ruwa. Mutane suna cewa azumin damina ba shi da ƙishirwa. Gaskiya ne, amma yunwarsa ta fi ta bazara cizo, don sanyi yana shiga ciki ya zauna tare da ita.

Da hantsi nakan bi bayan unguwa in tsinko tafasa da rama. In dafa, in matse, in kwaɗa da ɗan ƙuli. Da shi da kunun tsamiya marar sukari muke buɗa baki. Sahur ɗumamen tuwon dawa ne idan an samu, miyar kuka ba mai ba nama. Wata rana Baba yakan aiko da abin da aka kawo masa sadaka, in karɓa ina jin kunya.

A madafa ɗaya muke girki da Ladi. Da, tare muke daka, ni da ita taɓarya biyu turmi ɗaya, tare muke wanke wake. A azumin nan tukunyarta ba ta rabu da nama ba, Garba kuma ya sayi sabon babur yana goge shi a tsakar gida. Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba shi ne ranar da Malam ya fito zai yi alwala, Ladi tana tsaka da suyar ƙosai, ta tashi da sauri ta je ta ja ƙofar ɗakinta ta danna kwaɗo, sannan ta dawo ta zauna. Malam ya gani. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ran nan bayan an sha ruwa na ce masa, "Malam, haka za mu zauna?"

Ya ce, "Rabi, watan azumi ne. Allah yana gani."

Na ce, "Allah yana gani, ni ma ina so mutanen Unguwar Shanu su gani."

Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. Amma bayan kwana biyu ya dawo daga wajen wani abokinsa, Mista Bitrus, mai gyaran injinan ofis a cikin gari, da wani ƙullin takarda. Ya buɗe mini. Wasu ƙananan ƙwayaye guda biyu kamar duwatsun tsakiya, kowanne da ƙafa biyu, da wani na uku mai kama da su. Daga wani mataccen inji aka ciro su. Ya ce biyun nan fitilu ne, sai dai haskensu ido ba ya ganinsa. Na ukun shi ne idon da yake gani. Idan aka sa fitila a wannan gefen ƙofa, ido a wancan, haske ya miƙe tsakaninsu kamar zare. Duk wanda ya gitta ya yanke zaren, sai wani ɗan makunni da ake kira rile ya saki, ƙararrawa ta kama.

Na ce, "Shi mai gittawar ba zai ga komai ba?"

Ya ce, "Ko da ya ƙura ido."

Tun da aka kore shi, ran nan na fara jin daɗin wani abu.

Muka mai da ɗakinmu shago. Bayan sallar asuba, idan Garba ya tada babur ya fita, sai mu saki labule. Ladi ta ɗauka kunya ce ta hana mu fitowa. Malam yana dafa ƙarfen liƙi a garwashi, ni ina riƙe masa waya, warin dalma yana haɗuwa da warin danshi.

Abu na farko shi ne wutar da za a ba fitilar. Ta lantarki ba abin dogaro ba ce, da hadari ya taso ake ɗauke ta, kuma da fitila ta mutu ƙararrawa za ta kama ƙara alhali babu ɓarawo, asirinmu ya tonu. Yayana Isa yana jan tasi, yana da batirin mota na ajiya, ya ba mu aro bai tambayi dalili ba. Malam ya bayyana mini ƙa'idar, ni na yi lissafin a kan allo da gawayi. Batirin mota bolt goma sha biyu ne. Fitilar tana cin ɗaya da ɗan ɗori, saura kusan sha ɗaya, kuma wannan sha ɗayan dole rasista ya shanye shi. Mista Bitrus ya ce kada wutar da ke ratsa ta ta wuce kashi hamsin cikin dubu na amfiya, wato ɗaya bisa ashirin. Raba abu da ɗaya bisa ashirin daidai yake da ninka shi sau ashirin, duk wanda ya zauna wajen rabon gado ya san wannan. Sha ɗaya sau ashirin, ɗari biyu da ashirin. Na ce masa, "Ja, ja, ruwan ƙasa."

A daidai nan Hauwa ta fara kuka, na fita da ita. Ban gama sake ware gwangwanayen ba, rasistan suna zube a faifai. Malam bai jira ni ba. Ina jin abin da aka yi masa a shago ne yake cinsa, yana so ya nuna wa kansa zai iya. Da na dawo na tarar ya liƙa ya haɗa da batir, yana ta wuce da hannu tsakanin fitila da ido, rile ko motsi. Babu hayaƙi, babu ƙara, babu wari. Na ɗaga abin na kai bakin taga. Ja, ja, baƙi. Ashirin da biyu ke nan, ba ɗari biyu da ashirin ba. Wuta ninki goma ta bi ta cikinta.

Ya ce, "Daidai ne?"

Na ce, "Baƙi ne na ƙarshen, Malam."

Ya ajiye ƙarfen a hankali. Ban taɓa ganin ya yi hawaye ba sai ran nan, kuma ba haushin Malam na ji ba. Na ƙara wannan a kan abin da nake riƙe wa Garba.

Washegari ya koma wajen Mista Bitrus ya aro mitar auna wuta, allurarta ta tabbatar fitilar ta mutu. Saura guda, babu inda za a samu wata. Muka yi yarjejeniya, ba ya liƙa komai sai na duba a hasken rana na faɗi launin da baki, shi kuma ya gwada a mita. Muka fara gwaji da batirin tocila guda huɗu, bolt shida, don ko an yi kuskure ɓarnar ta zo da sauƙi. Saura kusan biyar ke nan, sau ashirin, ɗari. Ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Ya haɗa. Rile ya ce ƙas. Ya sa tafin hannu a tsakani, ya sake cewa ƙas. Muka dubi juna. Na sa nawa hannun har sau bakwai.

Muka bar shi a kunne mu ga kwana nawa zai yi. Batiran tsofaffi ne, danshi ya ci su, kwana biyu ba su cika ba suka yi sanyi. Dole a koma na mota. Na zaɓo ja, ja, ruwan ƙasa da hannuna, ya liƙa, komai ya yi daidai. Ina tsince tafasa sai na ji wani wari kamar gashi yana ƙuna. Mai azumi hancinsa a buɗe yake. Na taɓa rasistan, ya ƙone mini yatsa, zobensa har ya fara dishewa. Na fizge wayar batir.

Malam ya ce lambar daidai ce, jikin ne ya yi ƙanƙanta. Wutar da rasista ya tare ba ɓacewa take ba, zafi take komawa. Na koma allo. Sha ɗaya sau ɗaya bisa ashirin, rabin wat da ɗan ɗori, shi kuwa wanda muka sa na rubu'i ne. Muka kwana biyu muna neman mai kauri. A ƙarshe cikin wata tsohuwar rediyo da aka jefar a bayan gida Malam ya ciro guda, kaurinsa kamar guntun alli, na wat ɗaya. Na goge masa ƙura da bakin zane, launukan suka fito. Wannan ɗumi kawai yake yi, kamar goshin yaro mai barci.

Sauran aikin na Malam ne. Ya sa fitila da ido kowanne a cikin guntun gora da ya shafa wa baƙin tukunya a ciki, don kada hasken rana ya ruɗi idon. Ya sa gilashin wani karyayyen tabarau a bakin na fitilar, hasken ya kai faɗin ƙofa da ragowa. Ya ɗaura rile yadda in ya saki ba ya komawa sai an zo an danna.

A kan ƙararrawa muka yi saɓani. Shi yana so a rataye ta a bakin ɗakin ajiya, ɓarawo ya ji ya gudu, Alhaji ya gane dai ba Sule ba ne.

Na ce, "Ta yaya zai gane, in ya gudu? Cewa za a yi kai ne ka gudu."

Ya ce, "To a ina?"

Na ce, "A zaure. Nesa da shi, inda ba zai ji ba. Ba korarsa nake so a yi ba. So nake ya cika buhunsa a natse."

Na lura da wani abu. Alhaji yana shimfiɗa tabarmi a zaurensa kullum, ma'aikatansa da maƙwabta su sha ruwa tare. Amma ranar da duk aka yi ruwa mai ƙarfi da magariba, Garba yakan dawo gida da buhu a bayan babur, lulluɓe da leda. Ladi takan ce hatsi ne. Hatsi ba shi da kusurwa.

Da na gaya wa Malam wannan, sai ya dube ni. Ya ce, "Rabi, ina tsoron zuciyarki."

Na ce, "Gara ka ji tsoronta da ka ji tausayinta."

Na je Badarawa na gaya wa Baba komai, don Alhaji ba ya ƙetare maganarsa. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce, "Wanke sunan mijinki hakki ne, zan je. Amma na ga abin da kike nema ya wuce wanki. Azumin da aka yi da ƙulli a zuciya, yunwa ce kawai."

Na ce, "Baba, yunwar dai ina cikinta ko da ƙulli ko babu."

Ya je ya ga Alhaji, Alhaji ya yarda, ya aiki Garba Kano ɗauko kaya. A yinin nan Malam ya kafa komai. Batir a bayan kwalaye, gora biyu a gindin ƙofa ta ciki daidai gwiwa, waya ta bi ƙarƙashin rufi har zaure, ƙararrawa a bayan wata tabarma da aka naɗe aka jingine. Ranar sha tara ga wata ce.

Daga ranar na tare a cikin gidan Alhaji kullum da la'asar, da sunan taya matan gidan suyar ƙosai. Kwana huɗu sama ta yi tas, kamar da gangan. Ban taɓa roƙon ruwa irin na kwanakin nan ba, ni da rufina yake zuba. Isa ya fara tambayar batirinsa. Malam yana tsoron kada ya yi sanyi, na sake yi masa lissafi na ce ko kwana goma zai kai. Duk da haka kowace magariba gabana faɗuwa yake, don ba mu da hanyar sanin ko tarkon yana da sauran rai. Abu ne da ba a gani, sai dai ka yarda da lissafinka.

Rana ta biyar hadari ya haɗo daga gabas tun azahar. Ana saura kaɗan a kira salla ya ɓarke, irin wanda in yana dukan kwano ba ka jin na kusa da kai. Na ajiye matsami na matsa bakin ƙofar da ke tsakanin cikin gida da zaure, akwai tsaga a jikinta. Maza kusan ashirin a zaune, Baba yana kusa da Alhaji. Aka yi kira, kowa ya kai dabino baki. Garba ya kurɓi kunu sau biyu, ya ɗauki buta, ya ce bari ya kewaya. Ya fita cikin ruwa.

Na fara ƙirga numfashina. Na kai arba'in da wani abu, na fara cewa a raina batirin ya mutu. Sai tabarmar nan ta ɗauki ƙara. Wani ya zubar da kununsa. Alhaji ya miƙe, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru, ya tsaya. Ya tsaya ya fi minti biyu ƙararrawa tana yi, kamar yadda Baba ya gaya masa, kamar yadda ni na gaya wa Baba. Sannan ya ce, "Ku biyo ni, dukanku."

Da suka dawo da Garba, rigarsa ta manne a jiki, wani yana riƙe da buhu mai ƙananan rediyo shida, wani yana riƙe da kwaɗo da sassaƙaƙƙen makulli a jikinsa. Ƙararrawa tana ta yi, don babu wanda ya san yadda ake kashe ta. Garba yana ta waige yana neman inda ƙarar take fitowa. Ya durƙusa ya kama ƙafar Alhaji yana cewa sharrin shaiɗan ne.

Alhaji mutum ne mai son rufin asiri. Na ji ya fara cewa albarkacin wata ba zai kira 'yan sanda ba, Garba ya tashi ya tafi. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, na ji bakina ya buɗe daga bayan ƙofa.

"Alhaji, a gafarce ni. A tambaye shi zancen gwangwanaye."

Baba ya rufe ido. Alhaji ya ce, "Waɗanne gwangwanaye?"

Na ce, "Shi ya sani."

Garba ya faɗa. Da bakinsa, a gaban mutum ashirin, ya faɗi yadda ya juye su, da dalili, da yadda ya fara zancen makulli. Muryarsa ba ta fita sosai, wani dattijo ya ce ba a ji ba, ya maimaita. Ina tsaye da jiƙaƙƙen zane, ban ko kurɓi ruwa ba tun da aka yi kira, amma ban ji yunwa ba. Sai da aka aika aka ɗauko Malam daga Unguwar Shanu ya zo ya danna rile sannan ƙarar ta tsaya, kuma duk tsawon lokacin Garba yana durƙushe a ƙarƙashinta.

Washegari Ladi ta shigo ɗakina, karo na farko a watan. Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, ta ce ita ba ta sani ba, in sa Baba ya roƙi Alhaji a bar shi ko a dako ne. Ina tsince tafasa ban ɗago ba. Na ce, "Ki tashi ki je ki rufe ɗakinki, Ladi. Malam yana gida." Ta tashi.

Saura kwana uku Salla suka kwashe kaya. Alhaji ya karɓe babur, a kura aka ɗora musu gado da tukwane, ruwa yana dukan katifa. Matan gida suka shige ɗakuna don kada su haɗa ido da ita. Ni na ɗauko kujera na zauna a tsakar gida ƙarƙashin inuwar kwano, na kalla tun daga tabarmar farko har tsintsiya.

Alhaji ya aiko da buhun shinkafa da turmin atamfa, ya ce Malam ya koma aiki bayan Salla. Malam ya so komawa. Na ce wanda ya miƙa maka waya biyu a gaban 'yan dako ba za ka sake cin abincinsa ba. Shinkafar dai na karɓa, don haƙƙinmu ce. Bai koma ba, daga baya ya kafa tebur ɗinsa a bakin titi, kuma 'yan kasuwa da dama sun zo neman irin tarkon nan.

Ranar Salla gari ya waye da rana, irin mai sa laka tururi. Na dafa shinkafa da miyar kaza, karo na farko da mai ya taɓa tukunyata a wata guda. Malam ya dawo daga idi ya zauna, ya cire hula. Sannan ya ce, "Na gamu da Garba a filin idi. A sahun baya yake, shi kaɗai. Ya zo ya riƙe hannuna ya nemi gafara."

Na ce, "Sai ka ce me?"

Ya ce, "Na yafe masa, Rabi. Tare muka tashi."

Na zuba masa abinci, na ɗora masa cinya, na tura kwanon gabansa. Na ce, "Naka ka yafe, Malam. Nawa bai tambaya ba."

Garba bai taɓa tambaya ba kuwa. Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan nan a Kawo yana sayar da gawayi, mun haɗu a hanya ya fi sau goma, kullum shi yake sauka gefen titi.